Reza Tana Hannuna

Litinin, 3 ga Maris

Yau Oga mai shago ya ja ni bayan labule. Wai in riƙa yin aski da inji kawai, gyaran fuska da reza in bar wa Dogo, abokin aikina. “Ka san sitiweshan ɗinka, Baba.” Sitiweshan! Tun yana rarrafe nake riƙe da reza. Na ce ban san shi ba, ba mu taɓa gaisawa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Talata, 4 ga Maris

Na tambayi ’yata Auta, tunda ita ce ’yar jami’a. Ta ce kalmar Turanci ce, tana nufin halin da mutum yake ciki, ko yanayin da abu ya samu kansa. Ana faɗarta a kan gari, kan kasuwa, kan aure ma. Na ce to buhu ce kenan, kowa ya zuba abin da yake jin kunyar faɗa. Ta yi dariya, sannan ta kalli kofin shayin da ke hannuna. Ya ɗan zube ne kawai. Zafi gare shi.

Asabar, 8 ga Maris

Mutum biyu sun ce za su jira Dogo, alhali kujerata babu kowa. Su jira har gemunsu ya taɓa ƙasa.

Laraba, 12 ga Maris

Mun je asibiti. Likita ma ya iya kalmar. “A wannan sitiweshan ɗin sai a hankali.” A hanya uwar yara ta ɗauka, ita da ko “kam hiya” ba ta sani ba a Turanci. Na ce haba Hajiya, har da ke? Duk wanda ke da magana ya fito ya kira abin da sunansa mana. Babu mai ƙarfin halin. Reza dai tana aljihuna, kuma ba mai karɓar ta.

Lahadi, 16 ga Maris

Mai Rediyo ya zo, tsohon kwastomana, wanda ba ya yarda kowa ya taɓa masa kai sai ni. Ya zauna, ya kwantar da wuya, ya rufe ido kamar kullum. “Yi yadda ka saba, Malam.” Na shafa kumfa. Na kai reza kusa da maƙogwaronsa, sai na ga bakinta a madubi yana kaɗawa. Shi kuwa har ya fara gyangyaɗi.

Na ce Dogo zo ka ƙarasa.

Ya buɗe ido. “Lafiya?” Oga ya yi caraf zai fara sitiwe… na ɗaga masa hannu. Na ce, “Hannuna ke rawa.” Ni na faɗa, da Hausa, kowa ya ji.

Rezar tana durowar Dogo. Ajiya na ba shi, ba kyauta ba.