Motar Tana da Inshora, Idon Direbanta Ba Shi da Ita

Zuwa ga Mai Girma Babban Manaja,
Kamfanin Jigilar Auduga na Raƙumi Biyu, Funtuwa.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata baki ɗaya. Ni ne Yohanna Maikano, mutumin Kafur, wanda ya tuƙa muku babbar mota tun kafin mulkin kai, ina kwaso auduga daga kasuwannin Malumfashi da Kafur zuwa tashar jirgin ƙasa. Na je ofishinka ba sau ɗaya ba, matata Rifkatu na jana da sanda, kullum a ce mini ka fita. To, yanzu ina gani, kuma da hannuna na rubuta wannan takarda. Na aika da ita gidan jarida domin direbobi 'yan'uwana su ji abin da ya same ni.

Na farko. A kakar audugar bara waccan, motarku ta mutu mini a hanyar Maska da kaya fal. Na buɗe ina duba wayoyi, batir ya fashe, ruwansa ya watsu mini a fuska. Idon hagu ya tafi ke nan. Na dama kuwa hakiya ta rufe shi fari fat, sai dai in bambance rana da inuwa. Tun kafin wannan rana na faɗa wa mai kula da garejinku cewa batirin ya kumbura, ya ce in lallaɓa har kaka ta wuce.

Na biyu. Da Rifkatu ta kai ni asibitin ido a Kano, likita ya ce cikin idon dama lafiyarsa ƙalau, fatar nan garai-garai ta saman baƙin ido ce ta ƙone. Ya ce ana iya yanke ta a ɗinka mini ta wani wanda ya rasu. A wurinsu aiki da kwanciya fam arba'in ne, amma sai a jira ranar da Allah ya kawo fatar. In ina gaggawa, akwai Ibadan, can kuwa kuɗin ya ninka uku, ban da jirgi da abinci da masauki. Muka dawo da murna muka nufi ofishinku. Akawunku ya ce inshorar asibiti ta 'yan albashin wata ce, ni kuwa ɗan lissafin tafiya ne, ba ta hau kaina ba. Ya ba Rifkatu fam biyu na sannu.

Ranka ya daɗe, a watan da abin ya faru ne aka sa wa motar sabon batir, aka gyara mata wayoyin da suka ƙone, kuma inshora ce ta biya. Haka nan kowa a Funtuwa ya san da ciwon ido ya kama mai binciken kuɗinku, har Ingila aka kai shi, bai cire ko kwabo daga aljihunsa ba. Ba na yi masa baƙin ciki, Allah ya ƙara masa lafiya. Tambayata kawai, a cikin mu biyu wane ne ya ji ciwonsa a bakin aikinku?

Na uku, ga yadda aka yi na warke, don kada wani ya ce alherin kamfani ne. Na zauna a gida damina guda ina jin motoci na wucewa, ina gane kowace da kukanta. Rifkatu ta nome gonarmu ita kaɗai, ta sayar da keken ɗinkinta da tumakinta. Wata ranar Lahadi dattawan majami'armu suka tsayar da shawara kowane gida ya ware kunya ɗaya ta auduga da sunana. Labari ya kai ga Malam Isiyaku, wani manomi a Malumfashi wanda na taɓa ɗaukar matarsa tana naƙuda zuwa asibiti. Ya zo har gida ya ce, "Yohanna, ai ido ba na majami'a kaɗai ba ne, mu ma ka bar mu mu samu ladan." Bayan sallar Juma'a ya yi wa mutanen unguwarsu magana, suka haɗa nasu. Da kaka ta yi, audugar ta cika jakuna. Dariya ta kama ni da na ji cewa motarku ce ta kwashe ta zuwa Funtuwa, aka kuma biya ku kuɗin dako cif.

Kuɗin audugar na shigowa hannu, sai ga saƙo daga Kano cewa an samu fatar, a zo maza. Aka yi aiki, na kwanta rigingine, kaina tsakanin buhunan yashi kada in motsa. Ranar da aka kwance bandeji, na fara ganin haske kamar ta cikin ruwan koko, sannan a hankali wata mace tsaye da zane shuɗi. Na ce, "Rifkatu, haka kika rame?" Ta rangaɗa guɗa a tsakiyar ɗakin majiyyata, har nas ta rugo a guje. Ban san mai fatar da nake kallon duniya da ita ba, ko Musulmi ne ko Kirista, amma kowace safiya ina roƙa wa danginsa albarka.

Da muka sauka a tashar Malumfashi, jama'a suka rako mu da ƙafa har bakin hanyar Kafur. Ina kiran sunan kowa tun daga nesa, suna tafi.

Yanzu ga roƙona. Ba na neman ku mayar da ni tuƙi, mai ido ɗaya ba ya ɗaukar ran mutane a hanya. Ku biya kuɗin aikin nan, ba don in ci ba. Ni da Malam Isiyaku da dattawa mun shirya a ajiye shi domin duk wanda ciwon ido ya kama nan gaba, a Kafur ko a Malumfashi. Sannan ku sa direbobi da leburori cikin inshorar asibiti, ko na wata ne ko na tafiya. In direba ya ce abu ya lalace a mota, a canza shi a ranar.

Ina kuma sanar da kai na buɗe wurin gyaran mota a ƙarƙashin tsamiyar da ke bakin tashar Malumfashi, ciniki kuwa alhamdu lillahi. In motarku ta tsaya a wannan yanki, a turo ta, zan gyara ta da kyau, a biya ni kamar yadda kowa ke biya.

Allah ya ja zamaninka, ya tsare maka idanunka da na 'ya'yanka, ya ba ka ikon yin gaskiya.

Wassalam.

Naka,
Yohanna Maikano,
Makaniki, Tashar Mota, Malumfashi.