An Goge Lambar Kafin a Karanta Mini

Zuwa ga Manajan kamfanin da ya sayar wa ƙungiyar manoman ƙauyenmu tarakta,

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali da ma'aikata.

Damina ta uku ke nan ina yawo da tambaya guda a baki, na rasa mai amsa mini, shi ya sa na fito da ita fili. Sunana Sule Direba, ni ke jan taraktar ƙungiyarmu a wani ƙauye tsakanin Gwiwa da Roni. Ban yi boko ba. Maƙwabcina ne ya riƙe biro, amma bakin nawa ne, kuma na hana shi sassauta ko kalma ɗaya.

Na farko. Tun ina saurayi nake kan tarakta. Injunan da, da kunne muke jin ciwonsu, hayaƙinsu ma magana ne, baƙi daban, fari daban. Taku kuwa ba tari ba hayaƙi. Ana tsakiyar huɗa sai wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari, ƙarfin taraktar ya mutu, ta koma tafiyar hawainiya ko ka taka totur har ƙasa. In sauka in duba mai, in duba ruwa, in busa filta, ban ga komai ba. Ba na jin kunyar faɗa, ban san ciwonta ba.

Na biyu, kuma nan ne abin ke ci mini tuwo a ƙwarya. Bayan doguwar jira injiniyanku ya zo daga Kano da na'ura, ya jona mata waya a ƙarƙashin sitiyari. Ya ce injin yana da ƙwaƙwalwa, in wani wuri ya samu matsala sai ya rubuta kukansa da haruffa da lambobi. Wallahi na yi murna, ashe tana magana! Na tambaye shi me ta ce. Ya danna abu, fitila ta mutu, ya ce ya goge, in je in ci gaba da aiki. Kwana kaɗan fitila ta dawo. Ya sake zuwa, ya sake gogewa. Ranka ya daɗe, mu a makarantar allo ba a wanke allo sai an biya an haddace. Wane irin karatu ne naku da ake wankewa tun mai shi bai ji harafi ɗaya ba?

Na kai taraktar Kazaure wurin wani bakanike mai irin na'urar. Ya gwada, ya ce taraktar ba ta buɗe wa tasa baki, sai taku. Amma ya gaya mini abu guda, cewa rubutun yana nan a ƙwaƙwalwarta ko an kashe inji, muddin ba a goge ba.

Na uku. Ruwan sama ba ya jiran Kano. Bara mutane da dama sun koma shanun huɗa, taraktarsu na tsaye. Yanzu a majalisa cewa ake Sule ya tsufa, ƙafarsa ta yi nauyi, wasu su ce gurɓataccen gas nake zuba mata. An sa zaman ƙungiya da zarar an kai amfanin gona gida, za a karɓe makulli daga hannuna. Makullin bai dame ni ba. Amma a ce ni na kashe kayan jama'a, da furfurata, wannan ba zan shiga kabari da shi ba.

Ga roƙona. Ka turo mutum da na'urar, ya karanta lambar a gaban shugabannin ƙungiya, ya fassara da Hausa. In gas ne a ce gas ne. In waya ce ɓera ya ci, a nuna ta. In kuwa ni ne, da hannuna zan miƙa makulli, in nemi gafarar mutane.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka gama da duniya lafiya, ya tsare ka daga zargin abin da ba ka aikata ba.

Shekaranjiya fitilar ta sake kamawa. Na ajiye taraktar a ƙofar gidana, na lulluɓe ta da tamfol, ni kuma ina zaune a gindinta. Duk wanda ya zo gogewa sai ya fara ɗauke ni. Ka amsa mini kafin zaman nan.

Wassalam.

Sule Direba