Tabon Goshin Baba

Yaya,

Na fita kai kayan shago kafin ki dawo. Kada ki tura wa mai ɗab'i littafin hotunan da muke haɗa wa Umma tukuna, na yi ɓarna.

Manhajar da kika ce in koya ta gagare ni, maɓallai kamar gaban jirgin sama. Sai na sauke wata mai goge dattin tsohon hoto da dannawa ɗaya, na bi hotunan Baba duka da ita, Allah ya jiƙansa. Ashe ba ta bambance lalacewar takarda da fuskar mutum. Tabon goshinsa, wanda ƙarfe ya ji masa a gareji, ta share shi tas, har wushiryarsa ta cike.

Ban ma lura ba. Umma ce ta leƙa kwamfutar ta ce, "Wannan kyakkyawan kuma ɗan gidan wa ne?" Na ce Baba ne. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ni dai ba wannan na aura ba." Ta shige ɗaki.

Abin haushi, na adana sababbin a kan tsofaffin da ke cikin kwamfutar, sun goge. Don Allah ki fito min da hotunan asali na takarda daga akwatinki, in na dawo in sake ɗaukarsu in sa a kwamfutar. Gobe da safe mai ɗab'i yake so.

Na san kin ce in bi a hankali. Ba sai kin maimaita ba, maganar Umma ta ishe ni.

Ƙaninki