Ƙasar Gindin Lalle

Libreville, unguwar London

Zuwa ga Gwaggo Kulu, a Tasawa.

Assalamu alaikum, Gwaggo. Ni ce Mairamou taki, na durƙusa daga nan inda nake ina gaishe ki, gaisuwar ɗiya ga uwa. Ina gajiya, ina gida, yaya ƙafar nan da ke damunki? Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, ya bar mana ke. Mu nan alhamdu lillahi. Maigidan yana ta fama da taksinsa tsakanin Plaine Orety da Batterie IV. Jikarki ta yi baki, har faransanci take yi mini tana gyara mini magana. Kin san ni ban yi lakwal ba, ban san boko ba, maƙwabciyata Bilkissou, 'yar Garwa, ita ke rubutawa ina faɗi. Na ce mata ta sa yadda ya fito daga bakina, kar ta gyara. Tana ta dariya wai har yau ba na kiran sunan yarinyar, ni kuwa na ce ɗiyar fari ce, a gidanmu ba a yi, haka kika koya mini. Hamadou, wan maigidan, shi zai kawo miki takardar nan, zai ɗan kwana biyu a gida ya komo. In ya miƙa miki, don Allah kar ki ba ɗanki Salif ya karanta. Ki kira matarsa Khairunnisa ku shiga ɗaki, maganar mata ce.

Gwaggo, in kika gan ni yau a hanya sai kin wuce ni. Kin tuna ke kika sa mini suna Randa? Tun da Inna ta rasu kika ɗauke ni, ba ki taɓa yarda kwanona ya yi daidai da na sauran yara ba. Har yanzu ina jin ƙamshin furar nan taki ta azahar, mai citta da kanumfari, a ƙwaryar da ta tsage kika ɗinke. Ina jin ƙanzon da kike ɓoye mini a tukunya, ki jiƙa ki zuba man shanu, ki ce in ci a bayan rumbu kar su Salif su gani. Ranar bikina mata suna taɓa damtsena suna cewa ɗiyar Kulu ba ta san yunwa ba, ke kuma kina zaune kan turmi kina ta gyara kallabi, kin kasa rufe baki. Ba na ganin laifinki, wallahi. Ƙauna ce kika ba ni, a cikin kwano kika iya ba da ita. Da na zo nan kuma sai na ƙara a kan wadda na taho da ita. Ba rijiya, ba daka, ba gona. Ruwa ya kwana ya wuni yana zuba, ni ina ɗaki da soyayyar ayaba da burodi da lemon kwalba, ina kewar gida ina ci. Har ta kai in na shiga taksin maigidan sai ya ce yau ba shi ɗaukar kowa a baya.

Da cikin jikarki aka gano mini ciwon sukari. Na haihu, na ce shi ke nan zai tafi, bai tafi ba. Lokotoron da ke duba ni a asibiti mace ce, 'yar ƙasar nan, ba ta da wasa. Ta sa Bilkissou ta fassara mini cewa in ban sauke jikin nan ba, ko idona ya tafi ko ƙafata, kuma da wuya in ga ranar da yarinyar za ta shiga lakwal. Wannan magana ita ta shige ni. Na bar sukari, na bar suya, tuwo sai ɗan dunƙule kamar na yaye. Kullum da safe mu fita bakin teku da Bilkissou muna tafiya, da farko ina haki ina zama a kan kowane dutse, daga baya ita ke ce mini in jira ta. Shekara ta juyo, wata ta bi ta, sai da kusan rabina ya tafi. Sukarin ya kwanta, numfashina ya dawo, ina yin sujada ba sai na dafa bango ba. In wata magana ta riga takardar nan isowa, don na san matan garinmu da ke nan sun yi ta ƙus-ƙus a wajen wani suna wai mugun ciwo ne ya kama ni, kar ki saurara. An auna jinina, ba komai.

To amma Gwaggo, naman ya tafi, fatar ta ƙi bin sa. Ba wanda ya faɗa mini haka ake yi. Na zama kamar buhun da aka juye geronsa aka jingine. In na ɗaga hannu zan yi shanya, damtsen ya yi ta lilo, yarinyar ta kama tana ja tana dariya, wai tutar Mama. Wannan duk mai sauƙi ne, riga mai hannu tana rufewa. Ta cikin ce matsalar. Ta sauko ta kwanta a kan cinyata, sai na ɗaga ta da hannu biyu kafin in wanke ƙarƙashin. Garin nan kuwa ba ya bushewa, ko tawul ka shanya sai ya yi wari. Ƙarƙashin fatar ya yi ja, ya saɓule, ya zama gyambo. Na sa hoda, na sa man kaɗe, na ɗaure da zani tamau yadda kike ɗaure masu jego, na sha ƙwayoyin farmasi. Ya warke ya komo, ya warke ya komo. Sai in ce da a Tasawa nake, da iskar bazara kaɗai ta busar da shi. Mai sukari kuma, in ji lokotoro, ba a wasa da gyambo a jikinsa.

Abin da ya karya ni kwanakin baya ne, da yarinyar ta yi zazzaɓi. Ba ta son gado, ba ta son cinya, baya kawai take so. Na ɗora ta, na ja zani zan ɗaure, ɗaurin ya sauka daidai kan gyambon. Na cije na yi tafiya da ita tsakar gida, sai na ji abu yana bin ƙafata, na duba, jini ne da ruwa. Dole na kwance. Bilkissou ta karɓe ta ta goya, nan da nan ta yi barci, kuncinta a bayan wata mace, ni ina zaune a kan kujera ina kallo. Sai na tuna bayanki, Gwaggo. Na yi girma, ƙafata tana kai miki gwiwa, mutane suna cewa ki sauke gandamemiyar yarinyar nan, ke kina cewa bayanki ne ba nasu ba. Ina jin dakanki a ƙirjina in kina surfe da ni a goye. Ita tawa me za ta tuna?

Da muka koma, lokotoron ta ce magani ɗaya ne ya rage, a yi mini aiki a yanke fatar. Ta sa na kwanta, ta ɗauki biro mai kauri ta zana mini a ciki inda za a cire, daga wannan ƙugu zuwa wancan. Na sunkuya na duba, sai na ga cibiyata tana cikin zanen. Ta ce yadda fatar ta sauko da yadda wajen ya lalace, da wuya a iya barinta, in ina so daga baya a yi mini wani ɗan rami a madadinta. Na ɗaura zanina na fito, na bar Bilkissou tana ba ta haƙuri. Na yi kwanaki ban goge zanen ba, ina wanka ina kauce masa.

Kin san abin da ke raina ba sai na faɗa ba. Inna ma aiki aka ce za a yi mata, aka ɗauke ta a mota zuwa asibitin birni, ina riƙe da gefen zaninki muna ɗaga mata hannu. Tabarmarta kaɗai ta komo. Ina kamar shekarun jikarki a lokacin. Duk sa'ad da na ji kalmar aiki, ƙurar motar nan nake gani. Sannan cibiyar, Gwaggo. Ke kika yanke ta. Kin sha ba ni labari, kika ce da hantsi ne, kina tsakar damu aka kira ki, ko hannu ba ki gama wankewa ba na faɗo. Kika gasa ta da tsumma mai ɗumi har ta shige ciki lumui. Kina alfahari cewa duk yaran unguwa in suna wanka a tafki kina gane aikinki, don cibiyar da kika yanke ba ta tsini. Kika ce tawa ta fi duka kyau. Kika binne mabiyiyata a bayan ɗakin Inna, kika dasa lalle a wajen, kuma da ganyensa aka yi mini ƙunshin aure. Duk abin da na taho da shi daga gida ya ƙare ko ya yi mini yawa, zannuwan ma sai na ninka su biyu. Ita kaɗai ce ta rage yadda kika bar ta.

Na sa aka tambayar mini ina ake kai abin da aka yanke. Aka ce haɗawa ake yi da sauran tarkacen asibiti a ƙone. Nan na fashe da kuka. Da na haifi jikarki a nan, ban san kan gari ba, ba wanda ya miƙo mini mabiyiyarta, ni ma kunya da rashin yare suka hana ni tambaya. Har yau ban san inda suka kai ta ba. Yarinya ba ta da gindin lalle a ko'ina cikin duniya. Na ce ba za a yi mini haka sau biyu ba. Maigidan, Allah ya saka masa, bai yi mini dariya ba. Ya je wajen limamin masallacinmu, liman ya ce neman magani ba laifi ba ne, kuma abin da ya fita daga jikin ɗan Adam binne shi ya fi. Ya ajiye taksi ya je ya sami lokotoron da kansa. Ta yi mamaki, ta ce ba a taɓa roƙonta haka ba, amma daga ƙarshe ta yarda za a naɗe a ba shi. Da ya komo na ce masa ya auri buhu cike ga shi an bar masa wofi, ya ce buhun ma nasa ne, kuma ba ya son a taɓa shi sai don ya ga ina goya ɗiyarsa.

Don haka na amsa, Gwaggo. Za a yi bayan Hamadou ya komo. Ba wai tsoron ya tafi ba, yana nan. Lokotoron ta ce sukarin ya kwanta, jikina zai ɗauka, ba kamar zamanin Inna ba ne. Na ji. Amma ina son ki yafe mini aikin hannunki da za a cire, ki faɗa da bakinki a waya in ji, ba saƙo ba. Sannan ga roƙona. A bayan ɗakinmu akwai ɗan wuri da siminti bai kai ba, gindin wata ayaba, nan maigidan zai haƙa. Ƙasar nan ja ce, jiƙaƙƙiya, ba ta san ni ba. Ki je gindin lallen nan ki ɗebo mini ƙasa cikin tafin hannunki, ki ƙulle a tsumma ki ba Hamadou. In ya ce kayansa sun yi nauyi, ya rage kilishin. Ƙasar za a fara zubawa a ramin kafin a sa abin, a rufe da sauran. In da 'ya'yan lallen sun bushe a sama, ki haɗo da su, in gwada ko za su yarda da ruwan garin nan. In sun fito, na yarinyar ne.

In kuma Allah ya yi nasa ikon ban farka ba, mun yi magana da maigidan, ya yarda, wajenki za a kawo ta. Ba ta cin yaji, tana tsoron akuya don ba ta saba gani ba, kuma ba ta barci sai an kama mata kunne. Ki ba ta fura amma ki rage sukari, kar ki ɓoye mata ƙanzo a bayan rumbu kullum, sau ɗaya a mako ya isa. Ki goya ta ko ƙafarta tana jan ƙasa. Muna, sunan ɗiyata ke nan. To, ga shi na faɗa, ki yi haƙuri, ina son ki ji sunan daga bakina.

Ki gaishe mini da Baba Yacouba, ki ce ina neman addu'arsa bayan kowace salla. Ki gaida Salif da yaransa, da Fatouma ta gidan Abdoul in tana gari. Khairunnisa, ke da kike karantawa, na gode, ki riƙe a cikinki, kuma ki raka Gwaggo bayan ɗakin saboda ƙafarta, amma ki bar ta ta ɗeba da hannunta. Maigidan yana gaisuwa, Bilkissou ma ta ce a sa tata.

Gindin lallen, wajen gabas ne, Gwaggo, inda kike zubar da ruwan alwala. Kin ce nan nake.

Taki har kullum,
Randa, wadda yanzu sai dai ki kira ta Tulu,
Mairamou