Allurar da Aka Yi Maka

Zuwa ga Baban Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka kamar yadda na saba, ko da yake na san wannan takarda ba za ta iso hannunka ba.

Gida lafiya. Masarar gonar hanyar Tsiga ta yi kyau bana, ɗanmu Sani ya shigo da ita rumbu. Hadiza ta haihu a Malumfashi, mace. Jaririyar ta ɗebo goshinka.

Amma ba wannan ya zaunar da ni rubutu ba. Malam, ka san har yanzu ba a daina gardama a kanka ba?

Ka tuna lokacin korona, da ka zauna kan tabarma kana yi mini bayanin allurai? Ka ce akwai ta tsohon salo, wadda ake kashe ƙwayar cutar a zuba wa mutum. Akwai kuma sabuwa, wadda ba cutar a ciki, saƙo kawai take kai wa jiki ya koyi faɗa da kansa. Ni kuwa na ce abin da ke aika wa jinin mutum saƙo, wa ya san me zai ce masa? Ka yi dariya har ka ƙware da kunu. Matan unguwa na cewa sabuwar tana hana haihuwa, wasu na cewa tana canza halitta. Na roƙe ka ka jira tsohuwar. Ka ce ba a kawo ta ba, cutar kuma ba ta jira. Ka hau babur ka tafi Funtua aka yi maka sabuwar.

Bayan kaka ka faɗi a gona, ɓarin jikinka ya shanye. Ba ka ƙara magana ba har Allah Ya karɓe ka.

Tun a zaman makoki aka fara. Ƙanenka Alhaji Sabo ya ce allurar ce, har ya hana iyalinsa. Ƙanwata Rabi, da ke aiki a asibiti, ta ce hawan jininka ne, ka daɗe da shi kana wasa da magani. A kasuwar Bakori, an ce, da sunanka ake kafa hujja, masu so da masu ƙi duka. Ba mai cewa kai ne ke gyara wa maƙwabta galma kyauta. Ba mai tuna yadda kake tari kafin ka yi sallama. Ka zama misali a bakin mutane, ni kuwa miji na rasa.

Suna tambayata ra'ayina. Me zan ce? Ban sani ba, Malam. Wanda zai zauna ya warware mini a hankali, shi ne ba ya nan.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Da na fita takaba, na je wurin Rabi na ce ta yi mini irin taka, sabuwar, ba wata ba. Ta yi murna, ta ɗauka ita ta rinjaye ni. Ba haka ba ne. Tsorona yana nan, amma na miƙa mata hannu. Kayanka an raba, rigunanka an bayar. Na duba na ga ba abin da ya rage wanda ya shiga jikinka da zai iya shiga nawa, sai wannan. Damtsena ya kumbura, na yi zazzaɓi na kwanta, ina cewa a raina, ashe haka ka ji, kuma ba ka gaya mini ba don kada in ce ai na faɗa maka.

Da kana nan da ka ce dalilina ba dalili ba ne, da mun yi musu har abinci ya huce. Wannan musun nake nema a gidan nan, ban samu ba.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sada mu.

Matarka,
Binta