Hannun Baba Iliyasu a Shafin Radiyo

Litinin, 6 ga Yuni 2011
Ruwan shuka ya sauka garinmu Allakaye jiya. Mata sun buga wa mazansu 'yan ci-rani waya Abijan, amsar dai ta kullum: "Ku mata, yayyahi kaɗan ku ce ruwa." Bara da wannan gardama mijina Muntari ya ƙi dawowa, rabin gonarmu ya kwana ba shuka. Miji ke nan! Bana idan an sake, sai sayen hatsi.

Talata, 7 ga Yuni
Na ari kamarar gidan radiyon da nake aiki. Na sa surukina, Baba Iliyasu, ya tona ƙasa da hannu yadda ake gwada damshi, ina ɗaukar sa bidiyo. Har gwiwar hannu laka! Ya ce, "Ɗiyata, wanga abu shi za ya kai Abijan?" Na ce in sha Allah, ni kaina ban tabbata ba.

Alhamis, 9 ga Yuni
Na shigo Bouza, na dasa bidiyon cikin shafin radiyo na intanet. A nan yana tashi lafiya. Walid, mai siber, shagon intanet ɗin da 'yan garinmu ke taruwa a Abijan, ya ce baƙin akwati kawai suke gani. Ashe ordinatocinsa, wato kwamfutocinsa, ba su da filogin, ƙaramar manhajar da ke kunna bidiyo cikin shafi. Na ji kamar in yi kuka.

Jumma'a, 10 ga Yuni
Na rubuta 'yan layukan kod: in babu filogin, shafin ya nuna inda za a danna a sauko da shi. Na kuma sa bidiyon ya tsaya cak daidai inda Baba ya ɗaga hannu da laka. Su ƙare mata kallo.

Asabar, 11 ga Yuni
YA YI! Walid ya ce siber ta kaure da kabbara, wani har ya shafa gilashin. Ni Furera, da aka ce aikina share ƙurar ordinata!

Laraba, 15 ga Yuni
Mota biyu cike da maza sun iso daga Abijan. Ban je tasha ba, ina da aiki.

Alhamis, 16 ga Yuni
Muntari ya zo, ya rame. Yana cin tuwo ya ce, "Iccen gawon ga na bayan Baba cikin bidiyon, na gane shi. Gonata ta." Na ce don mutanen gari na yi, ba don wani ba. Gaskiya ce kuma. Sai dai gonaki nawa na wuce da kamarar kafin in tsaya a tasa, ban gaya masa ba.