Anti Saratu, Wa Zai Yi Wa Zulai Wankan Jego?

Zuwa ga Anti Saratu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayarta, da fatan kina lafiya, ke da Malam da yara da duk mutanen Zariya. Mu ma a nan Sentul, ƙasar mutanen Malay, muna lafiya, sai ruwan saman da kika sani, wanda ba ya sallama kafin ya sauko.

Na kira ki sau biyar ba ki ɗauka ba. Na tura saƙo, na ga kin buɗe, kin yi shiru. To tunda a bainar jama'a kika yi maganarki, bari ni ma in amsa a inda masu karanta littafinki za su gani. Kin san labarin, amma zan faro daga tushe saboda masu leƙe.

Shekarar da na haifi Nana, kina hawa na bakwai a benenmu, ina na sha biyu, Zulai matar Malam Bashir kuma ƙofarta na kallon tawa. Haihuwar fari, a ƙasar mutane. Bizar Innata ba ta fito ba. Abban Nana kullum yana lab wurin bincikensa, ko da yana gida ma, me namiji ya sani a wankan jego? Na dawo daga asibiti na zauna ina kuka kamar marainiya.

Zulai ce ta ɗaura ɗamara. Ta sauka wurin mamak, masu gidan abincin da ke ƙasan benenmu, ta aro ƙatuwar tukunyarsu, da yaren Malay ɗinta da bai wuce "boleh", wato "zai yiwu", ba. Ta yi ta yawo a kasuwa har ta gano wata tsohuwa Ba'indiya mai sayar da ganyen darbejiya. Safe da yamma, kwana arba'in cur, sai ta tafasa ruwa, ta zaunar da ni a kujerar roba cikin matsattsen banɗakin nan, ta tsoma ganye ta fyaɗa min. Ina ihu, tana cewa, "Daure 'yar Inna, zafin yau ne lafiyar gobe." Ta gasa min jiki, ta ɗaure min ciki, ta yi sati tana kwana a tabarma gefen gadona.

Ke kuma kina bakin gado riƙe da jaririya, kina dariya har da hawaye, kina rantsuwa sai kin sa mu a littafi. Muka ce ki sa mana, mu ma mu shiga tarihi.

Kika kuwa sa mu. Ni kika kira ni Hanne, Zulai kika kira ta Kulu, amma iyakar abin da kika canza ke nan. Kin bar min wushiryata, kin bar wa Zulai Katsinancinta, kin bar hawa na sha biyu, har tukunyar mamak ba ki rage ba. Duk ranar da kika saki sabon shafi a waya, matanmu na nan sai sun tsokane ni, wai Hanne yau ma kin ƙona miya. Wallahi daɗi nake ji. Babin wankan jegon nan kuwa, na sa an karanta wa Innata shi a gida. Ta yi kuka, ta yi ta sa wa Zulai albarka.

Malam ɗinki ya gama karatu, kuka tattara kuka koma, littafi ya fito a takarda. Shekara biyu ba wanda ya ga komai a cikinsa sai zumunci.

Sai watan jiya, a zauren masu karatunki, wata ta tambaye ki me ya sa Hanne ta fi kewar Kulu a kan kowa. Kika amsa da saƙon murya, kina 'yar dariyar nan taki: "Ai duk mai lura ya gane abin da ke tsakaninsu ya wuce ƙawance. Soyayya ce. Ban fito da ita fili ba ne don kar a yi min ca."

Haba Anti! Don kar a yi miki ca?

A cikin jirgin ƙasa na ji shi, tsakanin Titiwangsa da Sentul, da ledar kifi a hannuna. Mutum uku ne suka turo min. Ɗaya ta ƙara da "Allah ya shirya". Na wuce tasharmu ban sani ba.

Ranar Asabar na je karatun mata da muke yi a Kampung Baru. Na yi sallama, aka amsa ciki-ciki. Na zauna, sai na ga tabarma ta yi min faɗi, ta dama ta matsa, ta hagu ta tashi wai za ta sake alwala. Matan da muka ci tuwo a kwano ɗaya, Anti. Zulai ba ta zo ba, kuma ba ta sake zuwa ba.

Bayan kwana biyu Abban Nana ya tambaye ni, cikin sanyin murya, ko akwai abin da ya kamata ya sani. Daga baya ya ba ni haƙuri, har ya yi tapau, wato ya sayo ƙunshin abincin da nake so, ya kawo min. Na haƙura. Amma ya riga ya tambaya, ni kuma na riga na ji.

Na ɗauko littafin na sake karanta shi daga bango zuwa bango, ina neman abin da kika ce mai lura zai gani. Ban ga komai ba sai ruwan zafi da darbejiya da wata baiwar Allah da ta tsaya wa maƙwabciyarta. In abin yana ranki tun farko, me ya hana ki rubuta shi, ki ƙirƙiro mutanenki da ba su da fuskar kowa, ki tsaya ki karɓi duk abin da zai biyo baya? In kuma daga baya ya faɗo miki, don hira ta yi armashi a sake ɗaga littafin, to kin cuce mu a banza.

Na ga masu kare ki suna cewa marubuciya ce mai littafinta, tana da ikon faɗin abin da ta ga dama a kan mutanen da ta halitta. Ni ban yi karatun adabi ba. Abin da na sani shi ne, tuwon da aka kwashe aka kai gaban baƙi, ba a biyo shi da ludayi ana ƙara masa gari. Sannan ba ke kika halicci Hanne ba. Hanne tana hawa lif, tana kai 'yarta makaranta, tana da miji da uwa da surukai.

Kuma bari in faɗa miki wata, ko da za a juya min ita. A ce ma gaskiya ne, a ce akwai wata mace mai irin wannan sirrin da ta yarda da ke har kika sani, ke ce za ki tona ta a saƙon murya kina dariya? Kin fi ni sanin abin da maganar nan take yi wa mace a wurinmu. Ina son Zulai, ƙwarai kuwa, son da ake yi wa wadda ta tsaya maka ranar da uwarka take nesa. Yanzu ko wannan ba na iya faɗa sai na yi dogon bayani.

Ga abin da ya sa na rubuto. Zulai ta haihu, yau kwana tara. Namiji ne. Tun cikin yana wata uku na yi mata alkawarin ni zan rama mata, har na yi magana da tsohuwar mai ganye. Amma Malam Bashir ya ce ba macen da za ta shiga banɗaki da matarsa, kuma ban ga laifinsa sosai ba, shi ma kunya ce ta ishe shi. Sauran matan suna miƙa abinci daga bakin ƙofa su juya. Kowa na tsoron ta zama Kulun wani littafin.

Ita kaɗai take wankanta. Shekaranjiya ta ɗauko tukunya daga kicin, jiri ya kwashe ta, ruwan ya zube mata a ƙafa. A bakin wasu na ji, alhali taku uku ne tsakanin ƙofata da tata.

Na fita ko mayafi ban gyara ba, na ƙwanƙwasa, na daɗe a tsaye. Ina jin kukan jaririn, ina jin motsinta. Ba ta buɗe ba. Sai saƙonta ya shigo wayata: "Ki yafe min 'yar Inna. In na buɗe miki, na tabbatar musu."

Anti, ke kika koya min hawa jirgin garin nan. Ke kika riƙe hannuna a asibiti kafin Abban Nana ya iso. Har yau in na dafa dambu sai na tuna yadda kike ƙorafin yaji kina ƙara loma. Na yi kewarki, shi ya sa abin ya fi ciwo. Da wata ce can da ban sani ba, da na ce Allah ya isa na wuce.

Ba haƙuri nake nema ki ba ni ba. Ki koma zauren nan, da muryarki, ba dariya, ki ce daga kanki kika ƙago, ba abin da kika gani a gidajenmu. Na san magana zarar bunu ce, wasu ba za su yarda ba. Amma wataƙila Malam Bashir ya yarda. Saura kwana talatin da ɗaya arba'in ta cika, kuma mace da ƙonanniyar ƙafa ba ta iya ɗaukar ruwan zafi.

Allah ya ba Zulai lafiya, ya raya abin da ta haifa. Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya tsare yaranki daga bakin mutane. Allah ya ba ni ikon yafe miki, don har yanzu ban iya ba.

Na so in rufe da "taki har kullum", amma yanzu ina tsoron yadda za a karanta.

Wassalam,
Maman Nana,
Sentul.